Taubashina da Ƙofar Baban Tagwaye

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Taubashina ya riga mu tafiya a ƙarshen daminar nan, ana tsakiyar yankan gero, ranar wata Alhamis da rabin mazan Gumel suka tafi kasuwar Maigatari. Duk da haka sai da sahun jana'iza ya cika filin ƙofar gida ya malala kan titi, don labari ya riski mutane a kasuwa, suka bar dabbobinsu a hannun dillalai suka juyo.

Kwanakin zaman makoki ina tsakar gida kusa da matarsa, wadda nake kira Yaya, ina karɓar gaisuwa ina kuma saurare. Kunnena ba ya hutu, wannan kowa ya san ni da shi. Wasu tsofaffin mata suka zo daga Ɗanzomo a bayan akori-kura, ɗaya ta zube gaban Yaya tana cewa, "Wa zai ƙara kawo mini maganar ɗana? Wa zai ƙara?" Wata daga Gagarawa Tasha ta ajiye ƙwaryar wake ta zauna tana share ido da bakin mayafi. A zaure kuwa maza ne ke jera yabo. "Allah Ya jiƙan Malam, mutum mai haƙuri." "Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba." Muryar da ta fi ta kowa tashi ita ce ta Ciyaman, shugaban ƙungiyar ci gaban yankinmu, har da jan hanci yadda za a jiyo shi daga cikin gida.

Mai haƙuri? Wa? Taubashina? Yaya ta dube ni na dube ta, sai ta sunkuyar da kai, don ko a cikin hawayen dariya ta kusa ƙwace mata.

A waje, kan wani ɗan benci, maƙwabcinsa ne zaune shi kaɗai. Baban Tagwaye muke ce masa. Kirista ne mutumin Filato, aikin gwamnati ya kawo shi Gumel tun ina 'yan mata. Bai shiga sahun sallah ba, ba addininsa ba ne, amma shi ya yi ta jido ruwan kwaɓa ƙasar kabari da jarka, da tsufansa da komai. An kai masa abinci ya fi a ƙirga, ana dawowa da shi yadda aka kai. Masu yabon zaure suna wucewa ta gabansa, wasu su ce masa sannu, wasu su kau da kai.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ƙasa ta rufe ɗan'uwana, wannan ba yadda zan yi, amma ban yarda a ƙara rufe shi da yabon ƙarya ba. Taubashina ba mai haƙuri ba ne. Mafaɗaci ne mai kafiya, kuma shekararsa ta ƙarshe a duniya a faɗa ya ƙarar da ita, a kan hoton ƙofa guda ɗaya, ƙofar wannan tsohon da ke kan benci. Waɗanda ya yi faɗan da su su ne yau suke so a manta. Ni ban manta ba, kuma ba ni da niyya.

Shi ɗan namiji ne ni 'yar mace, mahaifinsa wan mahaifiyata ne, don haka tun ina rarrafe yake ce mini baiwarsa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma wasan taubasai bai san girma ba. Na yi koyarwa har na shugabanci makaranta, na aurar da 'ya'ya, na ga jikoki, duk da haka in na yi sallama a gidansa sai ya ce, "Baiwa ta iso, a ba ta tsintsiya." Ni kuma in ce, "Ubangidan da tabaraunsa ke ɗaure da zare, Allah Ya sauwaƙe." Haka muka tsufa.

A gidan waya ya yi aiki, yana buga telegiram, har ya yi ritaya. Daga nan ya kafa tafireta a zaurensa yana buga wa mutane takardu. Yana da wata magana da in ya faɗe ta, zance ya ƙare: "To, sai me?" Ka ce masa hadari ya haɗo kada ya hau babur, to sai me. Likita ya ce ya bar goro, to sai me. In ya yi fushi ba ya zagi. Sai ya koma ba ka girma, ranka ya daɗe, Allah Ya ja zamaninka, har ka gwammace da zaginka ya yi ka huta.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin soja ƙungiyar tamu, wadda ta haɗa mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta yi karo-karo ta sayo tsohuwar kwamfuta daga Kano. In za a faɗi gaskiya, don a ce muna da ita aka saya. Aka rasa mai taɓa ta, sai aka ce a kai wa Malam tunda ya saba da buge-buge. Ina cikin ƙungiyar, ni ce mai magana da yawun mata, kuma a gaban kowa na ce akwatin nan ƙarshensa wurin ɗora buta zai zama.

Ɗaya daga cikin tagwayen maƙwabcinsa, mai aiki a Jos, ya zo hutun Kirsimeti ya ga akwatin. Shi ya gaya wa Taubashi cewa akwai wani abu wai shi intanet, inda mutum zai kafa shafinsa kamar allon sanarwa, wanda ke Masar ko Ingila ya buɗe ya gani. Ya ce ba sai mutum ya yi digiri ba, rubutu ne kawai da 'yan alamomi da ake sa masa gaba da baya, wannan ta ce a yi manyan baƙaƙe, waccan ta ce a sa hoto a nan. Ya bar masa 'yan takardun koyo da aka yi wa fotokwafi, ya koma bakin aikinsa.

Daga ranar muka rasa Taubashi. In an kawo wuta, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye. In an ɗauke, ya jawo fensir ya ci gaba a takarda. Na shiga wata rana na tarar ya ƙura wa gilashin ido, gumi na zuba, rubutun shafin gaba ɗaya ya koma ƙato-ƙato kamar ana yi wa mutum tsawa.

"Baiwa, zo ki duba. Me na yi wa abin nan?"

"Ni na sani? Ƙila halinka ya ɗauko."

Sai da muka bi layi-layi da yatsa muka gano ya buɗe alama bai rufe ta ba. Ya bugi cinya ya ce, "Ashe garke ne! In ka buɗe ba ka rufe ba, duk su fice." Tun daga nan ya ɗaura mini aikin dole. Ni ce mai duba rufi, ni ce kuma mai rubuta bayani, wai tasa Hausar ta telegiram ce, ba sallama ba gaisuwa. Da tsiya da tsokana ya koya mini, ina ƙunƙuni ina koyo, har na iya.

Abin dariyar shi ne, a duk faɗin Gumel ba inda za ka ga shafin. Layin tarhonmu ko magana da ƙyar yake ɗauka. Sai ya kwafe aikin a ɗan faifai, ya sa a aljihun gaba, ya hau mota zuwa Kano, inda wani shagon kwamfuta ke haɗa mutum da intanet ta layin tarho, ya ɗora shi a wani fili da ake bayarwa kyauta. Mutanen gari suka sa shi a baki, wai Malam ya gina gida a iska, shi kansa sai ya je Kano yake ganinsa. Ya ce ai dama ba don na gida ya gina ba.

Don na nesa ya gina. Muna da yara masu karatu a Sudan da Masar, muna da likita a Saudiyya, muna da ma'aikata a Legas, wasu an daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba. Niyyarsa ta farko ya ɗauki hoton iyayensu ya sa. Ya ari kyamarar Baban Tagwaye ya fita da safe, ya dawo da yamma ko hoto ɗaya bai ɗauka ba. Mata sun ce ba mai kai fuskarsu duniya. Tsofaffi sun ce sai sun tambayi malamai. Wani dattijo ma da sanda ya raka shi.

Suna zaune a benci yana ta faɗa, sai Baban Tagwaye ya ce, "Malam, ni fa in na tuna garinmu, ba fuska nake fara gani ba. Ƙofar gidan babana nake gani." Taubashi ya miƙe ya shige gida, ko sai an jima bai ce ba. Washegari ya hau babur.

Ƙofofi ya shiga ɗauka. Ƙofar ƙarfe, ƙofar langa-langa, zaure mai zayyana, zaure mai tsagewa, gidan da asabari ne kawai a bakinsa. Ba wanda ya hana shi, wa zai yi kishin ƙofa? Wasu ma har shara suke yi su yayyafa ruwa in sun ji yana tafe. Ƙarƙashin kowace in rubuta gidan wane ne, unguwa kaza, kowa lafiya, ko an sami ƙaruwa, ko an yi rashi. A wanke fim a nan, a kai hotunan Kano a shigar da su cikin kwamfuta. A saman shafin ya sa na rubuta: Ƙofofin mutanen ƙasar Gumel.

Shafin yana da wurin da mai leƙowa zai bar saƙo. Na farko da ya shigo daga wani ɗalibi ne a Sudan, kuma ba gaisuwa ba komai: "Na ga ƙofarmu. Wa ya sare darbejiyar?" Taubashi ya sa aka buga masa a takarda, ya sauka daga motar Kano bai ko biya gida ba ya wuce wurin uban yaron ya karanta masa. Tsohon ya yi ta goge ido yana cewa, "Ka ce masa iska ce ta kayar da ita. Ka ce masa kuma uwarsa tana nan da rai, tunda itace ya fara tambaya." Daga nan ya zama ɗan aike tsakanin ƙauyukanmu da duniya. Kowace dawowa daga Kano, aljihunsa cike da takardu, ya bi gida-gida yana karantawa.

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, ɗanta yana aiki a Legas. Bakin gidanta wani tsohon asabari ne da ya zube rabi. Ta hana shi ɗauka, ta ce kada abokan ɗanta su gani su yi masa dariya. Bai matsa mata ba. Sati na zagayowa ya koma da sabon asabari ɗaure a bayan babur. Ta juya shi, ta shafa, ta sa masa albarka, sannan ta ce, "Amma Malam, in ya ga sabo ai ba zai gane gidan ba." Sai ya rataya mata sabon a ƙofar ɗakinta daga ciki, ya fito ya ɗauki hoton tsohon. Da ya ba ni labarin na ce ashe kana da zuciya, ya ce in rufa masa asiri kada gari ya ji.

Ana haka farar hula suka karɓi mulki, kowa ya wayi gari ɗan siyasa. Ciyaman ya ji labarin cewa manyan 'ya'yanmu na waje suna leƙa shafin, sai ya sa aka bugo masa shi kaf a takarda don ya kai wa manya su ga aikin ƙungiyarsa. Yana cikin buɗawa ya ci karo da wata koriyar ƙofa mai ɗan gicciye a samanta. A ƙasa, da rubutuna: Gidan Baban Tagwaye, an yi wa jika baftisma, kowa lafiya. Sai ya kira taro.

A wani ajin firamare aka yi shi, manyan mutane sun matse a bencin yara. Ciyaman ya dubi Taubashi, ya fara da taushi. "Baba, ba wanda ya ƙi Baban Tagwaye. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Amma a saman shafin nan cewa aka yi mutanen ƙasar Gumel. Shi kuwa baƙo ne. In ana so, a buɗe wani gefe na baƙi a sa shi can."

Taubashi ya miƙe ya gyara tabarau. "Ranka ya daɗe. Allah Ya ja zamanin Ciyaman." Ina jin haka na ce a raina yau akwai kallo.

"Shekarar da mutumin nan ya sauka a garin nan, kai goyonka ake yi. Burtsatsen unguwarku da kake alwala da ruwansa, shi ya yi ta zirga-zirga a ofis har aka haƙa. Matarsa tana kwance a cikin ƙasar nan, ni na raka shi ya binne ta. 'Ya'yansa ko mafarki da Hausarmu suke yi. In har yanzu baƙo ne, ranka ya daɗe, a gaya mini shekara nawa mutum yake yi ya daina zama baƙo, in je in ce masa ya daure ya ƙarasa."

Wani daga baya ya ce, "Asali ai asali ne, Malam."

"Madalla. Ni kakata daga Damagaram aka auro ta, sai a fara da ni. Kai kuma, Ciyaman, kakanka da ya zo da raƙuma, daga wace unguwar Gumel ya taso?"

Kai! Ajin nan ya kaure. Wani malamin tsangaya, dattijo mai sanyin murya, ya ce haƙƙin maƙwabci ba ya tambayar asali, amma hayaniya ta haɗiye maganarsa. Na miƙe na ce mu mata ba mu ga laifin ƙofar ba, matar gidan ta karɓi haihuwar da yawa daga cikinmu kafin ta rasu. Aka ce in zauna, ai ni taubashiyarsa ce. Na ce taubashiyarsa ce ni, ba bebiyarsa ba, kuma ban zauna ba sai da na gama. A ƙarshe suka yanke: ko ya cire ƙofar, ko ya dawo da kwamfutar ƙungiya.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To, sai me?"

Washegari suka turo baro. Shi da kansa ya naɗe kwamfutar da bargo, ya ɗaure da igiya, ya ce wa masu turawa su bi a hankali a wajen kwalbati, kuma a gaya wa Ciyaman kada a ɗora mata buta. Ya ƙaunaci akwatin nan, wallahi ya ƙaunace shi, kuma na ji zafin abin har cikin raina. Abin da Ciyaman bai sani ba sai daga baya shi ne, shafin ba a cikin akwatin yake zaune ba. Yana can inda aka ɗora shi, kuma ba mai taɓa shi sai da kalmar sirri, ita kuwa tana cikin kan Taubashi.

Faɗan da ya fi ba ni tausayi ba wannan ba ne, wanda ya biyo baya ne. Ina zauren Taubashi muna duba wasu hotuna Baban Tagwaye ya yi sallama, hularsa a hannu.

"Malam, don Allah ka cire ƙofar nan su dawo maka da kayan aikinka. Ni na saba. Tun da na zo ake ce mini baƙo, ban mutu ba."

"Kai ka saba. Ni ban saba ba."

"Yara sun ji abin da aka yi. Sun ce in tattara in koma gida, tunda an faɗa a fili."

"Gida ina? Wa ya rage maka a can?"

Ya daɗe yana juya hular kafin ya ce, "Ba kowa. Duk sun mutu."

"To ka ji. Muddin ƙofarka tana kan shafin nan, ba inda za ka. Ranar da aka cire ta, ni da kaina zan ɗaure maka kaya."

"Ƙofata ce fa, Malam. Ina da iko in ce a cire."

"Ƙofarka ce, ranka ya daɗe. Hoton nawa ne."

Baban Tagwaye ya fita ransa a ɓace. Suka yi kwanaki ba sa zama a benci ɗaya, tsofaffi biyu kowa ya sha mur kamar yaran da suka yi faɗa a kan ƙwallo. Yaya dai ba ta fasa aika masa tuwo ba, shi kuma bai fasa dawo da kwanon da 'yan lemo a ciki ba. Da suka gaji suka koma zamansu, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Ba kwamfuta, amma aiki bai tsaya ba. Ya koma kan tsohuwar tafiretarsa yana buga shafin a takarda, alamomin da ba ta da su ya cike da biro. In duba rufi, ya ninke ya sa a aljihu, ya je shagon Kano ya sake bugawa daga farko, samari na tsaye a kansa suna jiran ya tashi. Duk daminar nan haka ya yi ta yi. Ruwa ya dake shi a babur a hanyar Gagarawa, ya dake shi a tasha, tari ya kama shi ya ƙi saki. Yaya ta yi roƙo har ta gaji. Ni ban iya roƙo ba, faɗa na yi masa.

"Za ka kashe kanka a kan ƙofar wani! Ka bari a sha iska, in an kwana biyu su manta."

"Baiwa, in na daina zuwa, shafin zai tsufa, su ce ya mutu, su buɗe nasu ba shi a ciki. Na yi shekaru ina buga wa mutane telegiram, wane ya rasu, a zo. Na san yadda ake share mutum da kalma kaɗan. Ba da hannuna ba."

Da ciwon ya kwantar da shi ya aika aka kira ni. Ya rame, tabaraun ya yi masa yawa. Ya sa na sunkuyo ya raɗa mini kalmar sirrin, ya sa na maimaita har ya gamsu.

"In kika ba Ciyaman, ban yafe ba."

"Kai ko a kwance sai ka ɗora wa mutum aiki?"

"Baiwa ai ba ta hutu."

Na ce Allah Ya sauwaƙe, na fito da sauri don kada ya ga idona. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan addu'ar bakwai Ciyaman ya zo gidana, baro na biye da shi, kwamfutar na ciki da bargonta ko kwancewa ba a yi ba. Ya ce ƙungiya ta ga ya dace a ba ni ita in ci gaba da aikin marigayi. Sai dai a gyara ɗan abin nan da aka yi saɓani a kansa, a wuce wurin, kuma kalmar nan ya kamata a ce tana hannun shugabanci. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a zaure na ji ka ce marigayi mai haƙuri ne. To ni ban gado shi ba. Juya baronka."

A satin ne tagwaye suka iso daga Jos da babbar mota. Na je na tarar an fito da gado da kujeru, an ɗora wasu, Baban Tagwaye na tsaye yana kallo kamar kayan wani ake lodi. Ya ce, "Malama, mai riƙe ni ya tafi. Ke ma kada su wahalar da ke a kaina."

Na ce masa ba wannan ya kawo ni ba. Ina so in sa sanarwar rasuwar a shafi, na nesa su sani, kuma ƙa'idar shafin ita ce sai da ƙofa. Na zazzage hotunan Taubashi kaf, na duba na sake dubawa. Mutumin nan ya zagaye ƙasar Gumel lungu-lungu, bai taɓa ɗaukar ƙofar gidansa ba. Na ce, "Kyamarar taka ce. Kafin ka tafi, kai za ka ɗauka."

Ya sa aka kwance wani akwati aka ciro ta. Ya tsaya gaban gidan Taubashi ya kanga a ido. Ya matsa dama, ya matsa hagu, ya ja da baya har ya jingina da katangar tsallake. Ginin jikin juna yake, tsakanin ƙofa da ƙofa bai wuce tsawon tabarma ba.

"Malama, in na ɗauki zauren gaba ɗaya, tawa tana shigowa."

"Bar ta ta shigo."

Ya ɗauka. Ya sauke kyamarar, ya daɗe tsaye yana kallon ƙofofin nan biyu, leɓensa na motsi. Sannan ya juya ya kira babban cikin tagwayen, ya ce, "Ku sauke gadon." Yaron ya fara cewa Baba, ai mun gama magana. Ya ce, "Na ce ku sauke. Wa zai riƙa leƙa Mama in na tafi?" Yaya yake nufi. Motar ta koma Jos da mutanen da ta kawo.

Ni na kai hoton Kano da kaina, na zauna a shagon nan samari na kallona, na buga da yatsa biyu, na duba rufi. Na ɗora shi a can sama, gaban duk sauran ƙofofin. A ƙasa na rubuta: Gidan Malam da gidan maƙwabcinsa, an yi rashi. Hoto ɗaya ne. Duk mai son a cire ƙofar Baban Tagwaye, sai ya fara tsaga ta mamaci gida biyu, kuma sai ya zo ya faɗa mini haka a idona. Ina gida, ba inda za ni.

Allah Ya gafarta maka, Taubashi, da faɗanka da kafiyarka. Ya yalwata maka makwanci, Ya saukar da kai cikin maƙwabtan da suka fi mu.